Baƙo a Bikin 4 ga Yuli: Tambayoyin Masu Karatu daga Amurka

Da zarar watan Yuni ya raba tsakiya, wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka sukan karkata zuwa magana guda, wato bikin ranar 4 ga Yuli. Mafi yawan masu rubutowa ba su daɗe da sauka a ƙasar ba, wasu ma wannan ne lokacin zafinsu na farko a can. Na zaɓi wasiƙu shida, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Watanni biyar ke nan da muka sauka a jihar Ohio, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Tun farkon wannan wata nake ganin tutoci a ƙofar gidaje, kantuna kuma sun cika da kaya masu launin ja da fari da shuɗi. Jiya maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Baturiya, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce mu zo gidanta cin abinci ranar 4 ga Yuli. Na amsa mata da to saboda kunya, amma har yanzu ban san murnar me ake yi ba, kuma ina jin nauyin shiga bikin kishin ƙasar da ba tawa ba. In je, ko in nemi uzuri? (Wata uwa daga Ohio)

Amsa: 'Yar'uwa, ki je, ki tafi da maigidanki da yaran. Sai dai bari in fara da abin da ake tunawa a ranar, domin zama cikin taron da mutum bai san dalilinsa ba yana da wuya.

Kafin a sami ƙasar da ake kira Amurka, akwai yankuna 13 a gaɓar Tekun Atlantika da ke ƙarƙashin sarautar Birtaniya. Rigima ta taso a kan haraji, domin majalisar dokokin da ke Landan tana ɗora wa mutanen yankunan haraji iri-iri alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Tun ana cacar baki har aka kai ga harbi a watan Afrilun 1775. Wakilan yankunan da suka taru a birnin Filadelfiya suka jefa ƙuri'ar ɓallewa daga mulkin Sarki George na Uku ranar 2 ga Yuli, 1776, sannan ranar 4 ga wata suka amince da takardar da ta bayyana wa duniya dalilansu, wadda Thomas Jefferson ya rubuta mafi yawanta. Kwanan watan da ke saman wannan takarda shi ne ya zama ranar biki. John Adams, ɗaya daga cikin jagororin tafiyar, ya rubuta wa matarsa wasiƙa a lokacin yana cewa 'yan baya za su riƙa raya ranar 2 ga Yuli da fareti da ƙararrawa da wasanni da hasken wuta; ya canki yadda bikin zai kasance, ranar ce kawai ta goce masa da kwana biyu. Shelar ba ta kashe wutar yaƙin ba. Sai da Faransa ta shigo da sojoji da jiragen ruwa ta dafa wa masu neman 'yancin, kafin Birtaniya ta sallama a yarjejeniyar Paris ta 1783. Akwai wani labari da za ki ji Amurkawa suna son maimaitawa: Jefferson da Adams, waɗanda dukkansu suka shugabanci ƙasar daga baya, sun rasu rana ɗaya, 4 ga Yuli, 1826, daidai cikar takardar shekara 50. Majalisar tarayya ta sanya ranar cikin ranakun hutu a 1870.

Ga kuma yadda yinin yakan kasance. Da hantsi ake fareti a babban titin gari, kuma a ƙananan garuruwa ya fi armashi, inda za ki ga motocin 'yan kwana-kwana suna tafe suna jiniya, 'yan mazan jiya sanye da tsohon kakinsu, 'yan makaranta da ganguna da begila, manoma a kan taraktoci, ana watsa wa yara alawa suna rububi. Garin Bristol na jihar Rhode Island yana raya ranar tun 1785, kuma shi ake ɗauka mafi daɗewa a wannan al'ada. Daga azahar zuwa yamma sai a koma gida ko filin shaƙatawa a hura gawayi, a gasa nama da masara, a yanka kankana. Idan duhu ya shiga sai wasan wuta a sararin sama, wanda shi kowa ke jira. Babu wata ibada da ta keɓanta da ranar, babu kuma wanda zai tambaye ki takardar zama kafin ya miƙo miki faranti.

Shekarata ta farko a ƙasar, a wani ƙaramin gari na ga bikin. Na tsaya can baya a jikin bishiya ina jin irin nauyin da kike ji yanzu, sai wani tsoho ya tashi ya ɗauko kujerar naɗewa daga bayan motarsa, ya ajiye kusa da tasa, ya yafito ni. Muka kalli faretin tare yana nuna mini masu wucewa, wannan ɗan wane ne, waccan ita ta koyar da 'ya'yansa a firamare. Ranar na gane cewa ga mutane da yawa bikin na gari ne da maƙwabta kafin ya zama na gwamnati.

Game da nauyin da kike ji na baƙunta, akwai abin da nake so ki sani. Daga cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar, takwas ba a Amurka aka haife su ba. Kuma a jerin laifuffukan da takardar ta lissafa wa sarkin Birtaniya, har da cewa yana toshe dokokin bai wa baƙi damar zama 'yan ƙasa, yana kuma hana a ƙarfafa wa mutane gwiwar yin ƙaura zuwa can. Baƙo yana cikin labarin tun ranar farko. Sannan ki lura da darajar gayyatar kanta, domin a unguwannin Amurka mutum yakan shekara kusa da maƙwabcinsa ba tare da ya taka ɗakinsa ba. Idan kika nemi uzuri dattijuwar ba za ta yi fushi ba, amma da wuya ta sake gayyatarki, domin za ta ɗauka ta takura miki. Ƙofar da ta buɗe muku, za ki buƙace ta ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya ko yaro ya kwanta ciwo da dare.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a wata jami'a a Teksas. Malamin da ke duba aikin bincikena ya gayyaci ɗalibansa gashin nama a gidansa ranar bikin. Ina gudun naman alade da giya, kuma ba na so a ɗauke ni mai ƙyamar abincin mutane. Ina mafita? (Wani ɗalibi daga Teksas)

Amsa: Ƙanena, mafitar ita ce ka yi magana tun kafin ranar. Ka rubuta wa malamin naka ka gode masa, ka faɗa masa abin da ba ka ci, ka kuma tambaye shi abin da za ka kawo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin a kusan kowane taro akwai wanda ba ya cin nama sam, da wanda gyaɗa ke tayar masa da ciwo, da Bayahuden da ke kiyaye ƙa'idojin abincinsa. Abin da ke sosa ran mai gida shi ne ya ga baƙo zaune da faranti babu komai a ciki bai san dalili ba.

Al'adar irin wannan taro ita ce kowa ya zo da wani abu a hannu, don haka ba laifi ba ne ka sayi naman halal a mahautar Musulmi, waɗanda ake samu a kusan duk manyan birane, ka jiƙa shi da kayan yaji tun dare, ka kawo wanda zai ishe ka har ka ɗanɗana wa wasu. Ka riƙo takardar alminiyon ka shimfiɗa a gefe ɗaya na ragar gashin don kada naka ya haɗu da maiƙon wani naman, ka kuma yi amfani da cokali mai yatsu naka wajen juyawa. Abincin da ya fi yawa a ranar shi ne niƙaƙƙen naman da ake sakawa cikin dogon burodi, wanda suke kira hot dog. Wani na shanu ne zalla, wani na kaza, wani kuma an cakuɗa shi da alade, saboda haka sai an karanta jikin ledar. Haƙarƙarin da ake gasawa galibi na alade ne. Inda sabon zuwa ya fi faɗawa shi ne abincin da ba ya kama da nama, musamman dafaffen wake mai zaƙi da kwaɗon dankali, domin sau da yawa ana yanka gutsattsarin naman alade a ciki don ƙamshi. Ka tambayi wadda ta dafa, za ta gaya maka ba tare da jin komai ba.

A ɓangaren abin sha, akan zuba gwangwanaye cikin ƙanƙara a babban akwati, wani lokaci lemo da giya a haɗe. Duk gwangwanin da ka ga kalmar hard a jikinsa, ko da hoton lemon tsami ne a kai, akwai barasa a ciki. Shi kuwa root beer na gama-gari, duk da sunansa, lemon zaƙi ne da yara ke sha. Ka kula kuma da zafin Teksas: hukumomin lafiyar abinci na ƙasar suna gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya ma idan zafi ya haura digiri 90 a ma'auninsu, wato kimanin 32 a ma'aunin Salshiyas. Idan lokacin salla ya yi, ka nemi mai gida ya nuna maka ɗaki ko gefen fili, minti biyar ne. Idan kuma wani zai mayar da kai gida a mota, ka tabbata bai sha ba, domin daren yana cikin dararen da haɗarin mota ke ƙaruwa saboda maye.

Tambaya: Ɗana, ni dattijo ne, na zo zama wajen 'yata a wata unguwa kusa da Shikago. Bara ina nan ranar bikin, kuma ba wanda ya gaya mini komai. Da duhu ya shiga sai na ji fashe-fashe ta kowace kusurwa. Na ɗauka harbi ne, na tara jikokina muka kwanta a ƙasa, domin na taɓa ganin tashin hankali da idona a rayuwa. Har asuba ban runtsa ba. Bana ga ranar ta sake zagayowa, jikokin kuma sun matsa a saya musu abin wasan wutar. Me kake gani? (Wani kaka daga Illinois)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka yi bara shi ne abin da duk mai hankalin da ya san ƙarar bindiga zai yi, kuma kare jikokinka ka yi. Ba kai kaɗai wannan dare ke wahalarwa ba. Tsoffin sojojin Amurka da suka dawo daga fagen fama da yawansu suna shan irin wannan azaba, har wasu sukan kafa allo a ƙofar gida suna roƙon maƙwabta su sassauta, haka ma 'yan gudun hijirar da suka tsero daga yaƙi.

Wasan wutar iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu yana rage fargaba. Akwai wanda hukumar gari ke shiryawa a fili ko bakin ruwa, ƙwararru ne ke harbawa, ana sanar da wuri da lokaci tun da wuri. Da yake rana ba ta faɗuwa a arewacin ƙasar a wannan wata sai wajen ƙarfe takwas da rabi, akan fara ne bayan ƙarfe tara, a gama cikin kamar rabin awa, kuma ƙarshensa ne ya fi ƙara domin a lokacin ake sakin duk abin da ya rage gaba ɗaya. Al'adar tsohuwa ce, tun bikin cika shekara ɗaya a Filadelfiya a 1777 aka yi ta. Na biyu shi ne wanda mutanen unguwa ke saye su harba a titi, shi ne wanda ba shi da lokaci, yakan fara kwanaki kafin ranar ya kuma kai tsakar dare. Wannan ne ya tayar maka da hankali.

Shawarata ita ce bana kada daren ya same ka a cikin ɗaki kana jin ƙara ba ka ganin tushenta. Idan jikinka zai ɗauka, 'yarka ta kai ku wasan hukuma, ku zauna nesa kaɗan, ka ga hasken kafin ƙarar ta iso kunnenka, domin gani ya kori ji. Idan kuwa ba ka so, a rufe tagogi tun magariba, a kunna fanka da karatu ko rediyo, wani babba ya zauna tare da kai. Idan firgicin yana dawo maka har a sauran darare, ka gaya wa likita, domin ciwo ne sananne kuma ana maganinsa. Ba zan ɓoye maka cewa tsoron harbi yana da tushe a ƙasar ba, domin a 2022 wani ɗan bindiga ya kashe mutum bakwai a faretin garin Highland Park, nan kusa da Shikago. Shi ya sa za ka ga 'yan sanda da yawa a wuraren taro. Idan kuka ga mutum da bindiga ko wani ya ji rauni, a kira lamba 911, kuma ana iya neman tafinta.

Maganar jikoki kuwa, ra'ayina shi ne kada a saya. Dokar sayar da kayan wasan wuta ta bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga gari zuwa gari. Jihar Massachusetts ta haramta su gaba ɗaya ga jama'a, jiharku ta Illinois ma ta hana mafi yawansu, saboda haka ganin maƙwabci yana harbawa ba hujja ba ce. Dubban mutane ake kaiwa asibiti kowace shekara da ƙuna a hannu da fuska da ido. Ko ɗan siririn ƙarfen nan mai fesar da tartsatsi, wanda ake miƙa wa ƙananan yara ana ganin ba komai ba ne, zafinsa yana kaiwa wajen digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas. A saya musu 'yan sandunan roba masu haske, waɗanda ba su da wuta, a kai su kallon na hukuma.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Maryland. Na yi wa wata abokiyar aikina, baƙar fata 'yar asalin Amurka, barka da bikin da ke tafe, sai ta ce mini ita ba bikinta ba ne. Na ji kunya, na kuma rasa abin cewa. Kuskure na yi? (Wata ma'aikaciya daga Maryland)

Amsa: 'Yar'uwa, ba ki yi kuskure ba, ita ma ba ta yi ba. Kin taɓa wani tsohon miki ne da ba ki san da shi ba, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so kowane ɗan Afirka da ya sauka a ƙasar ya yi wa kansa.

Takardar 1776 ta ce an halicci dukkan mutane daidai, kuma Mahalicci ya ba su haƙƙoƙin da ba mai ƙwace musu, ciki har da rai da 'yanci. Mutumin da ya rubuta wannan, Jefferson, ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. A daftarinsa na farko akwai sakin layi da ya la'anci cinikin bayi, amma wakilan suka cire shi. Ƙidayar farko ta ƙasar a 1790 ta sami bayi kusan 700,000, kuma kafin 1860 sun doshi miliyan huɗu. Daga cikin waɗanda aka kwaso daga Afirka ta Yamma akwai masu ilimi, kamar Umar bn Sa'id na Futa Toro da ke bakin kogin Senegal, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya kuma rasu yana bawa a North Carolina. 'Yan asalin ƙasar ma, waɗanda Turawa suka tarar, takardar ta ambace su da kalmar ƙasƙanci, kuma sai a 1924 doka ta amince da dukkansu a matsayin 'yan ƙasa.

A jihar da kike zaune aka haifi Frederick Douglass a cikin bauta, ya tsere a 1838, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fasahar magana a tarihin ƙasar. Ranar 5 ga Yuli, 1852, a birnin Rochester, ya tsaya gaban taron da ya gayyace shi ya tambaye su ma'anar wannan rana ga bawa, ya ce musu ranar tasu ce ba tasa ba, su suna murna shi kuwa makoki ya kama shi. Amsar da abokiyar aikinki ta ba ki, a wannan jawabi jijiyarta take. Abin da ya kamata a lura da shi, Douglass bai yi watsi da takardar ba. Ya yaba wa jarumtar waɗanda suka sa mata hannu, sannan ya kama 'ya'yansu da kalmomin iyayensu. Haka Martin Luther King ya yi a Washinton a 1963, inda ya kwatanta takardar da alkawarin biyan bashi da aka rubuta wa kowane Ba'amurke, aka kuma ƙi biyan baƙar fata.

Shi ya sa baƙaƙen fata da yawa suka fi ɗaukar 19 ga Yuni a matsayin ranar 'yancinsu, wadda suke kira Juneteenth. A wannan rana ce a 1865 sojojin tarayya suka sanar da bayin Galveston a Teksas cewa sun 'yantu, shekara biyu da rabi bayan shelar 'yanta bayi ta Shugaba Lincoln. A ƙarshen shekarar aka gyara kundin tsarin mulki aka haramta bauta, ranar kuma ta zama hutun tarayya a 2021. Daga cikin sojojin da suka sa kaki a yaƙin basasar da ya kawo wannan har da wani haifaffen Kukawa ta Borno, Muhammad Ali bn Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, da ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta Massachusetts a 1863.

Ni a ganina mu da muka zo daga baya muna da bashi a kanmu. Gwagwarmayar kakannin abokiyar aikinki ce ta haifar da dokar haƙƙin jama'a ta 1964, kuma a cikin wannan iska aka yi dokar shige da fice ta 1965 wadda ta rushe tsarin da ya fifita baƙi daga arewacin Turai, ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka da Asiya. Kujerar da kike zaune a kai a asibitin nan, wasu ne suka sha duka kafin a ajiye ta. Kada ki yi mata gardama, kada kuma ki ɗauka duk baƙar fata ra'ayinsu ɗaya, domin miliyoyinsu suna raya 4 ga Yuli da alfahari, suna cewa gumin kakanninsu ne ya gina ƙasar. Ki same ta lokacin hutun cin abinci ki ce mata kin yi tunani a kan maganarta, kina so ki ji yadda gidansu ke ɗaukar ranar, sannan ki saurara.

Tambaya: Malam, a wani babban ɗakin ajiyar kaya nake aiki, an kuma sa ni aiki ranar bikin. Ashe ba hutu ne na kowa ba? (Wani ma'aikaci daga Minnesota)

Amsa: Ɗan'uwa, hutun tarayya ma'aikatan gwamnatin tarayya ya ɗaure. Gidan waya da kotuna da bankuna da ofisoshin gwamnati suna rufewa, amma dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya ba da hutu ko ya ƙara kuɗin aikin ranar ba. Kamfanoni da yawa suna ƙarawa bisa ra'ayinsu ko bisa yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago, don haka ka duba takardar ɗaukarka aiki ko ka tambayi ofishin kula da ma'aikata. Ka kuma duba jadawalin bas tun jajibiri, domin a birane da yawa motocin ba sa fita kamar kullum a ranar. Idan 4 ga wata ta faɗo Asabar, ofisoshin tarayya Juma'a suke hutawa, idan Lahadi ce kuma Litinin.

Tambaya: Malam, shekara uku ke nan ina da katin zama na dindindin, ban kai ga zama ɗan ƙasa ba. Idan aka busa taken ƙasa na ga kowa ya ɗora hannu a ƙirji, ni ma in ɗora? Ina tsoron in ƙi a ce na raina su, in yi kuma ya zama na yi abin da bai kamace ni ba. (Wani direba daga Niyok)

Amsa: Ɗan'uwa, su da kansu sun tanadar maka matsayi. Ƙa'idojin girmama tuta na ƙasar sun ce lokacin da ake ɗaga ta, ko sauke ta, ko take wucewa a fareti, 'yan wasu ƙasashe da ke wurin su miƙe tsaye cikin natsuwa. Haka ya ishe ka lokacin taken ƙasa: ka tashi, ka fuskanci tuta, ka bar magana da danna waya har a gama. Idan ka ɗora hannu ba wanda zai tuhume ka, idan ba ka ɗora ba ma haka, domin ƙa'idojin ba su da hukunci. Kotun Ƙoli ta yanke tun 1943 cewa ba za a tilasta wa ko ɗan makaranta ya sara wa tuta ba. Maza sukan cire hular hana-salla, amma sashen da ya yi maganar alkawarin biyayya ga tuta ya keɓe abin rufe kai na addini. Shi wannan alkawari furuci ne na 'yan ƙasa, ka tsaya shiru har ranar da zai zama naka. Tutar kanta labari ce: layuka 13 na yankunan farko ne, taurari 50 na jihohi, kuma doka ta ce ranar 4 ga Yuli ake ƙara tauraro idan sabuwar jiha ta shigo. Na ƙarshe shi ne na Hawaii, wanda aka ƙara a 1960.

Akwai wani abu da ya fi maganar hannu a ƙirji haɗari, kuma ina roƙon duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba ya riƙe shi da kyau. A wuraren bikin akan kafa tebura ana yi wa mutane rajistar zaɓe, masu aikin kuma 'yan sa-kai ne masu fara'a, za su miƙo maka takarda da biro. Kada ka cike, kada ka sa hannu. A takardar akwai tambayar ko kai ɗan ƙasa ne, kuma da'awar zama ɗan ƙasa ta ƙarya, ko jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, na iya jawo a ƙwace katinka a kore ka, ko da cikin rashin sani ka faɗa. Ka ce musu ka gode, ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna, za su bar ka.

Tunda kana kan hanya, akwai sashen bikin da nake so ka je ka gani. A kwanakin 4 ga Yuli ana rantsar da sababbin 'yan ƙasa a wurare da dama, kuma mafi shahara shi ne wanda ake yi a Monticello, gidan Jefferson da ke jihar Virginia, tun 1963. Akan kira sunan ƙasar da kowa ya fito, su ɗaga hannun dama su yi rantsuwa tare, iyalansu suna kallo. Mai katin dindindin yana iya nema bayan shekara biyar, ko uku idan yana auren 'yar ƙasa, kuma ana karɓar takardar neman tun saura kwana 90 wa'adin ya cika. A cikin tambayoyin da ake karantawa don jarrabawar akwai wanda ya rubuta takardar 'yancin kai da kuma ranar da aka amince da ita, saboda haka ka fara karatun tun yanzu, cikin shekara biyun da suka rage maka.